Ƙwai Dubu Ɗari, Ɗa Guda: Sharhi a kan Ma'ajiyar Ƙwan Tunkiya

Duk wanda ya daɗe yana mu'amala da tumaki, ko makiyayi ne mai garke a daji, ko kuwa uwargida ce mai tunkiya biyu a turke, ya san cewa tunkiya tana ɗaukar ciki wata biyar, ta haifi ɗa guda a galibi, wani jiƙon ta yi tagwaye, in kuwa aka ji ta zuba uku sai maƙwabta su shigo kallo. Amma wannan baiwar Allah mai haihuwar ɗai-ɗai, tun ranar da ita kanta ta faɗo duniya, tana ɗauke da ƙwai tsakanin 100,000 da 200,000 a cikin wasu 'yan tsoka guda biyu da ke gefen mahaifarta, wato ma'ajiyar ƙwai, waɗanda tsawon kowace ɗaya bai wuce santimita 1.5 ba, alhali kuwa a iyakar rayuwarta, ko da ta yi tsawon kwana har haƙoranta suka zube, da wuya ƙwan da za ta saki su wuce 'yan gommai. To, ina sauran suke tafiya, kuma mene ne ke yanke hukuncin cewa bana ɗaya za a saki, baɗi biyu? Wannan mas'ala ce da malaman ilmin dabbobi suka shafe fiye da shekara ɗari suna bahasi a kanta, kuma tunkiya ta ba su amsa fiye da yadda sauran dabbobin gida suka bayar, saboda tana da sauƙin riƙo, tana da jimirin tiyata, kuma manyan ƙasashen kiwo irin su Ostareliya da Niyu Zilan da Faransa da Sikotilan sun ga riba a cikin kashe kuɗi don sanin sirrinta.

Tun a 1672 wani likita mutumin Holan, Regnier de Graaf, ya siffanta wasu 'yan ƙuraje masu ruwa da ke tasowa a jikin ma'ajiyar ƙwan dabbobi, aka kuma daɗe ana zaton su ne ƙwan da kansa. Sai bayan shekara 155, wato a 1827, Karl Ernst von Baer ya fasa ɗaya daga cikinsu a jikin karya, ya duba da madubi mai ƙara girma, ya tarar ainihin ƙwan yana ciki, ɗan mitsitsi, abin da ake gani daga waje kuwa jakarsa ce kurum. Wannan jaka ita ce abin maganarmu, domin ƙwai ba ya girma shi kaɗai, ba ya kuma fita sai jakarsa ta nuna. A kan tunkiya ita kanta, F. H. A. Marshall na Ingila ne ya fara rubuta cikakken bayanin kewayen neman ragonta a 1903.

Asalin al'amarin yana farawa ne tun tunkiya tana tayi a cikin uwarta. Wajen wata guda da shigar ciki ake iya bambance ma'ajiyar ƙwan mace da gwaiwar namiji, daga nan kuma ƙwayoyin halittar da za su zama ƙwai su shiga rabuwa suna ninkuwa ba ƙaƙƙautawa, har su kai kusan 900,000 a wajen kwana na 75. Tun wajen kwana na 55 na farkonsu suke fara irin rabuwar nan ta musamman wadda ke raba kayan gado gida biyu, don ƙwai ya kawo rabi, maniyyin rago ya kawo rabi. Sai dai ba su ƙarasa ta, sukan tsaya a tsakiya, kuma a wannan tsayuwa za su zauna wata da watanni, ko shekara da shekaru, har ranar da aka kira ɗayansu. Daga kwana na 75 kowane ƙwai yake fara samun lulluɓi na wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu faɗi, sahu guda, waɗanda za su yi renonsa, asalin jakarsa ke nan. Wanda ya samu lulluɓi ya tsira, wanda bai samu ba ya shanye, kuma waɗanda suka shanye a 'yan makonnin nan sun ninka waɗanda suka tsira sau da yawa. Hasara mafi girma a rayuwar ma'ajiyar ƙwai ke nan, kuma tana aukuwa ne tun mai ita ba ta shaƙi iskar duniya ba.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tadabburi a kansa a nan shi ne, ƙwan da zai zama jika, a cikin kakarsa aka ƙera shi. Tun 1951 Solly Zuckerman ya tattara hujjoji cewa macen dabba mai shayarwa ba ta ƙara sabon ƙwai bayan wannan lokaci, kuma ko da yake a 2004 wasu malamai a Amurka sun tayar da saɓani bisa abin da suka gani a jikin ɓeraye, jamhurin masana suna nan a kan ra'ayin farko. Saboda haka abin da ya samu uwa mai ciki yana iya taɓa haihuwar 'yarta. An jarraba wannan a Sikotilan: aka rage wa tumaki masu ciki abinci a watannin farko, aka duba 'yan tayinsu mata, aka tarar ginin ma'ajiyar ƙwansu ya yi jinkiri, kuma a wani gwajin, waɗanda aka bari suka girma sun riƙa sakin ƙwai ƙasa da takwarorinsu da iyayensu suka ƙoshi.

Waɗannan jakunkuna masu barci, da faɗin kowace bai wuce milimita 0.03 ba, suna jere ne a fatar ma'ajiyar ta waje, kuma saboda ƙanƙantarsu da ƙarancin buƙatarsu suna jure sanyin da manya ba su jurewa. Wannan ne ya sa Roger Gosden da David Baird da abokan aikinsu a Edinburgh suka yanki fatar ma'ajiyar tunkiya, suka daskarar da ita, suka narkar, suka mayar wa mai ita, ta kuwa ɗauki ciki ta haihu, suka bayyana haka a 1994. Bayan shekara goma, a 2004, wata mata da aka yi wa maganin ciwon daji ta haihu a Brussels ta wannan hanya. Na kawo wannan ne a gefe, don a san cewa nazarin tunkiya bai tsaya a garke ba.

Kullum ta Allah, ba tare da la'akari da damina ko rani ba, ko tunkiya tana da ciki ko ba ta da shi, jaka biyu ko uku suna farkawa daga wannan barci su kama hanya, wadda ta farka kuwa ba ta komawa: ko ta kai ga sakin ƙwai, ko ta shanye a tafe. Ƙwayoyin reno su kumbura, su ninku sahu-sahu. Ƙwan ya yi ta girma har ya kai wajen milimita 0.12, ya kewaye kansa da wani ɓawo mai sheƙi. Daga waje kuma wasu ƙwayoyin su taru su yi wa jakar bango mai jijiyoyin jini. Malaman Ostareliya, Turnbull da Braden da Mattner a 1977, da kuma Cahill da Mauléon a tashar bincike ta Nouzilly a Faransa jim kaɗan bayan haka, sun ƙididdige saurin wannan tafiya, suka ce tana cin kusan wata shida: kimanin kwana 130 kafin jakar ta kai milimita 0.2 kogon ruwa ya buɗe a cikinta, sannan kwana 40 da ɗoriya daga nan zuwa nuna. Ke nan ƙwan da rago ya tarar yau, tun wata shida da suka wuce ya baro makwancinsa. Wani abin mamaki kuma, mafi yawan wannan doguwar tafiya ba ta dogara ga umarnin ƙwaƙwalwa ba, domin an cire wa tumaki ƙullutun nan na fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne mai aiko da sinadaran haihuwa, amma jakunkuna suka ci gaba da girma har zuwa wajen milimita 2, a nan ne suka tsaya cik.

Daga milimita 2 hukunci yake sauyawa, jaka ta zama ba ta da rayuwa sai da abin da aka aiko mata daga sama. Tsarin kuwa shi ne, wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa yana ɗiga sinadarin GnRH ɗigo-ɗigo zuwa ga fituwitari, shi kuma ya saki sinadarai biyu a cikin jini, FSH da LH. Sanin siffar GnRH ya ci ƙwaƙwalwar miliyoyin dabbobi da aka tara daga mayanka, Andrew Schally yana aiki da ta aladu, Roger Guillemin da ta tumaki, har aka ba su kyautar Nobel a 1977. Kuma a jikin tunkiya ne Clarke da Cummins na Melbourne suka auna ɗigarsa a 1982, dabbar tana tsaye a farke, suka nuna cewa kowane tashin LH yana bin ɗigon GnRH. A cikin jakar aiki a rabe yake: LH yana sa ƙwayoyin bango su haɗa sinadarin namiji, su miƙa shi ciki, FSH kuma ya sa ƙwayoyin reno su juya shi ya koma istirojin, ba ɗayansu da ke iya gama aikin shi kaɗai. Sa'an nan wannan istirojin, tare da wani sinadarin da ake kira inhibin wanda shi ma ƙwayoyin reno ke fitarwa, su bi jini su koma ga fituwitari su ce masa ya rage FSH.

A nan ne zuciyar mas'alar take, kuma David Baird ya misalta ta da ƙofa, misalin da kowane mai shingen dabbobi zai gane. Idan FSH ya hau ya wuce wani miƙidari, ƙofa ta buɗe, jakunkunan da suka kai milimita 2 zuwa 3 a wannan lokaci su kutsa. Wadda ta riga sauran girma sai ta fara zuba istirojin da inhibin, FSH ya sauka, ƙofa ta rufe a kan na baya, su shanye. Ita kuwa ta gaba ba ta mutuwa da yunwar da ta jawo wa 'yan'uwanta, domin kafin nan ƙwayoyin renonta sun samu ikon karɓar saƙon LH, sai ta sauya abin dogaro, ta ci gaba da girma har milimita 5 zuwa 7. Saboda haka adadin ƙwan da tunkiya za ta saki bai rataya ga yawan abin da ke ajiye ba, ya rataya ne ga abu biyu, wato tsawon lokacin da ƙofar ta yi a buɗe, da yawan jakunkunan da suka iso bakinta a shirye. Rex Scaramuzzi da jama'arsa sun tsara wannan ƙa'ida dalla-dalla a 1993, kuma a ganina har yau ba a kawo wadda ta fi ta warware abin da ake gani ba.

Da can ana tsammanin wannan zaɓe sau ɗaya yake aukuwa, dab da neman rago. Da na'urar hoton ciki ta samu a shekarun 1990, malamai a Wisconsin da Saskatchewan da Dublin suka riƙa duba tunkiya guda kullum ba tare da an yanka ta ba, suka ga ashe ƙofar tana buɗewa duk bayan kwana huɗu ko biyar, wato sau uku ko huɗu a kewaye guda na kwana 17, kowane buɗi da ɗan tashin FSH a gabansa. Rukunonin farko sukan girma su shanye a banza, domin sun iso lokacin da hanyar fita take toshe. Na ƙarshe ne ke dacewa. A cikin jinsi masu yawan haihuwa kamar tumakin Finlan an ga jakar da ta rage daga rukunin da ya gabata tana jira ta fita tare da na ƙarshe, ƙwai ya zama biyu ko uku.

Abin da ke toshe hanyar shi ne furojestaron. Bayan jaka ta fashe ta saki ƙwai, gurbinta yakan cike ya zama wani ƙullutu mai tauri, shi ne ke zuba furojestaron na kusan mako biyu, yana hana LH tashi sai bayan sa'o'i da dama. Idan ciki bai shiga ba, wajen kwana na 14 mahaifa ta saki sinadarin furostagilandin ya kashe ƙullutun. LH ya koma tashi kusan kowace sa'a, jakar da ke gaba ta cika jini da istirojin, tunkiya ta fara neman rago na kwana guda zuwa guda da rabi. Sa'an nan wani juyi ya auku, istirojin da a da yake danne fituwitari, da ya yi yawa sai ya koma zuga shi, LH ya yi ambaliya, ƙwan ya tashi daga tsayuwar nan da ya yi tun yana cikin kakar ɗan da za a haifa, kuma bayan kimanin sa'a 24 jakar ta fashe. Idan kuwa ciki ya shiga, wajibi ne ɗan tayi ya sanar da mahaifa zuwansa kafin kwana na 12 ko 13, kamar yadda Moor da Rowson suka nuna a Cambridge a 1966, in ba haka ba ta kashe ƙullutun, cikin ya bi ruwa. Yadda aka gano hannun mahaifa a cikin wannan al'amari ya cancanci a faɗa: a 1967 Goding da McCracken da Baird suka ciro ma'ajiyar ƙwan tunkiya suka dasa ta a wuyanta, suka haɗa ta da jijiyoyin wuya don su riƙa ɗiban jininta a sauƙaƙe, sai suka ga ƙullutun ya ƙi mutuwa a kan kari tun da ya yi nisa da mahaifa. Daga baya, a 1972, McCracken da abokansa suka tabbatar cewa furostagilandin yana tsallakawa ne kai tsaye daga jijiyar da ke fita daga mahaifa zuwa wadda ke shiga ma'ajiyar ƙwai, inda suke nannaɗe da juna.

Duk wannan bayani yana ɗaukar ƙwai a matsayin abin da ake reno kurum, ba shi da ta cewa. Tumaki ne suka rushe wannan zato. A wata gona mai suna Booroola kusa da Cooma a Ostareliya, wasu 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Seears, sun daɗe suna ware tumakin Merino da ke haifar uku da huɗu har biyar, alhali Merino jinsi ne da aka sani da haihuwar ɗai-ɗai. A ƙarshen shekarun 1950 Helen Newton Turner ta hukumar bincike ta CSIRO ta karɓi wasu daga cikinsu, kuma a 1980 Piper da Bindon suka kawo ra'ayin cewa wannan baiwa ba taron ƙwayoyin gado masu yawa ba ce, guda ɗaya ce tak, abin da malaman Niyu Zilan suka tabbatar jim kaɗan bayan haka. Tunkiyar da ta gaji kwafi ɗaya tana ƙara ƙwai ɗaya da rabi a kan na sauran, wadda ta gada daga uwa da uba kuwa tana ƙara kusan uku. Sai a 2001 ƙungiyoyi uku, a Niyu Zilan da Faransa da Sikotilan, kowace da aikinta, suka gano cewa canjin harafi guda ne a ƙwayar gado ta BMPR1B a kuromosom na 6, wadda ke gina ɗaya daga cikin makarɓan saƙo a jikin ƙwayoyin reno da ƙwan kansa. Da aka bi salsala, sai aka tarar da wannan canji a jikin Garole, wasu ƙananan tumaki na fadamun Bangal, kuma da yake tarihi ya nuna an kai tumakin Bangal Ostareliya a 1792 da 1793, ana kyautata zaton daga can ya fito. Yana nan kuma a tumakin Hu na ƙasar Sin da wasu na Jawa.

Labarin Inverdale ya fi wannan ban al'ajabi. Wata tunkiya ce jinsin Romney a Niyu Zilan da ta haifi 'ya'ya 33 a haihuwa 11. Da aka bi zuriyarta aka ga baiwar tana kan kuromosom X, ta yadda ragon da ke ɗauke da ita yana ba dukan 'ya'yansa mata, ba ya ba ɗa namiji ko guda. Mai kwafi ɗaya tana ƙara ƙwai guda. Amma mai kwafi biyu, wadda hankali zai ce ita za ta fi kowa, juya ce ƙat, ma'ajiyarta 'yar siririya, jakunkunanta suna farkawa su tsaya a matakin farko ba su wucewa. A 2000 Susan Galloway da abokan aikinta suka gano cewa ƙwayar gadon ita ce BMP15, kuma ƙwan ne da kansa ke fitar da wannan sinadari yana aika wa masu renonsa. A 2004 Hanrahan da jama'arsa suka samu irin haka a 'yar'uwarta GDF9 a tumakin Cambridge da Belclare.

Fassarar da malamai suka yi wa waɗannan abubuwa ita ce, ƙwai yana umartar ƙwayoyin reno da su yi ta ninkuwa, yana kuma hana su saurin balaga. Idan muryarsa ta ɗauke gaba ɗaya, ba su ninkuwa, jaka ta tsaya. Idan kuwa ta ragu ne kawai, sai su balaga da wuri, su karɓi LH tun jakar tana ƙarama. Shi ya sa jakunkunan Booroola suke fashewa tun suna milimita 3 ko 4, kowace da ƙwayoyin reno kaɗan. Kuma tun da ƙaramar jaka ba ta da ƙarfin rufe ƙofa ita kaɗai, sai uku ko huɗu sun shige kafin istirojin da inhibin su kai adadin da fituwitari ke jira. Ken McNatty na Niyu Zilan ya ƙirga, ya ga jimlar ƙwayoyin reno a cikin jakunkunan Booroola masu yawa ta yi kusan daidai da ta jaka guda ko biyu ta tunkiyar da ba ta da wannan gado. Wato ƙwaƙwalwa ba ta ƙirga ƙwai. Jimlar sinadarin da ya iso gare ta take aunawa. A wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin bahasin duka, domin ta haɗa abin da aka gani a jini da abin da aka gani a gado a ƙarƙashin ƙa'ida guda.

Bayan gado, abu uku ne daga waje ke taɓa wannan tsari: hasken rana, da rago, da abinci. A ƙasashen sanyi, inda yini ke kaiwa sa'a 17 a wani lokaci ya sauko zuwa 7 a wani kamar a Edinburgh, tunkiya tana auna tsawon dare da sinadarin melatonin, ta fara neman rago idan yini ya soma gajarta, don haihuwa ta dace da fitowar ciyawa. A watannin hutu jakunkuna ba su daina girma rukuni-rukuni ba, LH ne ke yin ƙaranci, kamar yadda Legan da Karsch da Foster suka bayyana a Michigan a 1977, saboda a lokacin ɗan istirojin kaɗan ya isa ya danne ƙwaƙwalwa. Rago kuwa, malaman Yammacin Ostareliya sun lura tun 1944 cewa idan aka raba shi da tumaki na wasu makonni, sa'an nan aka shigo da shi kwatsam, sukan shiga neman rago da wuri, daga baya kuma aka gano cewa warin gashinsa ne ke tayar da LH cikin 'yan mintoci, su saki ƙwai a kwana biyu ko uku. Sai dai wannan sakin farko shiru ne, ba su tsaya wa rago, domin ƙwaƙwalwa ba ta amsa istirojin sai furojestaron ya riga ya ratsa ta, saboda haka barbarar gaske sai bayan kwana 17 zuwa 25.

Batun abinci tsoho ne a wurin makiyaya. Walter Heape ya rubuta tun 1899 cewa garkunan Ingila da ake kyautata wa kiwo dab da barbara sun fi yawan tagwaye. Tunkiya mai jiki ta fi ramammiya sakin ƙwai, wadda ke cikin murmurewa ita ma tana ƙarawa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da aka gani a Yammacin Ostareliya, cewa ba da ƙwayar lufin, wani dangin wake, na ƙasa da mako guda a ƙarshen kewaye yana ƙara yawan ƙwai tun nauyin dabbar bai motsa ba. Sababin, bisa ra'ayi mafi rinjaye, shi ne sukarin jini da insulin da leptin suna aiki a kan jakar kai tsaye, su tsirar da wasu daga shanyewa, su kuma rage istirojin da kowace ke fitarwa, ƙofa ta ɗan jinkirta rufewa.

Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, da Bali-bali da Ara-ara na Nijar, suna zaune ne inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, kamar a Kano, saboda haka suna neman rago a kowane wata na shekara, kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya an yi aiki a kan haihuwar Yankasa sau biyu a shekara. Abin da hasken rana ke yi a Turai, a nan ciyawa ce ke yin sa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: tunkiyar da ta ƙoshi da kaka ta ɗauki ciki a watan Nuwamba, 'yar da ke cikinta za ta gina ma'ajiyarta a Janairu da Fabrairu, a haife ta a Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada. Wanda ya fahimci abin da ya gabata ya san inda zai sa ɗan abin da ya tanada na harawar wake da ta gyaɗa da angurya: mako biyu ko uku kafin a saki rago, da kuma watannin ciki, musamman makonni shida na ƙarshe, inda tayi ke yin mafi yawan girmansa.

Akwai kuma hanyar magani, wadda ba ta buƙatar dogon bayani tun da an san ƙa'idar. Soson furojestaron da T. J. Robinson na Sydney ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1960 yana riƙe garke duka a toshe na kwana 12 zuwa 14, a cire su nemi rago tare. Allurar sinadarin da ake samu a jinin goɗiya mai ciki, wanda Cole da Hart suka gano a 1930, tana riƙe ƙofa a buɗe. Amma buɗe ƙofa shi ne mai sauƙi. Tunkiya nono biyu gare ta, mahaifarta tana da iyaka, wani kaso na ƙwan da aka saki yana zubewa a makonnin farko na ciki, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yawansu. 'Yan uku da 'yan huɗu suna zuwa ƙanana, ba su samun dakashi isasshe, uwar kuma tana iya kwanciya da ciwon ƙarancin sukari a ƙarshen ciki. Manoman Ostareliya da yawa sun ja da baya daga Booroola saboda wannan. A Phaltan ta jihar Maharashtra a Indiya, cibiyar binciken noma ta Nimbkar ta bi wata hanya: ta ɗauko gadon daga Garole ta sa shi a cikin tumakin Deccani na makiyayan ƙasa mai fari, ta fitar da irin da ta kira NARI Suwarna, kuma a jikinsu ƙarin bai kai ɗa guda a kowace haihuwa ba, galibi tagwaye ne, waɗanda uwa ke iya shayarwa idan makiyayi ya ƙara mata ɗan abinci a ƙarshen ciki da lokacin goyo.